Tallafin da Ke Bin Faɗin Gona



A watan Oktoban 2015 ma'aikatar noma ta Amurka ta fara tura wa manoman ƙasar kuɗi, kusan dala biliyan 4, cikon abin da suka rasa a amfanin gonar 2014. Masu masara ne suka fi samun rabo, don a shekarar farashin masara ya faɗi ƙasa warwas. A jihar Dakota ta Arewa, can saman ƙasar a kan iyaka da Kanada, manoma a gundumomi da dama sun ga kuɗi sun shiga asusunsu. Amma akwai gundumomi biyu maƙwabtan juna, LaMoure da Logan, waɗanda manomansu suka yi ta zuba ido shiru. A kan masara ko anini ba a ba su ba. Mutum yana tsaye a gonarsa yana hangen gonar maƙwabcinsa a tsallaken iyakar gunduma, abu ɗaya suka shuka, kasuwa ɗaya suke kai wa, faɗuwar farashi ɗaya ta same su, amma an biya wancan, shi an ce masa babu.

A kan wannan tallafi za mu yi magana yau. Na ɗauko shi ne saboda yadda muke yawan buga misali da shi. Da wuya a zauna hirar noma, a rediyo ko a majalisar ƙofar gida, wani bai ce ai Amurka ma tana tallafa wa manomanta ba. Gaskiya ne tana yi, kuma ba da wasa ba. To amma kafin mu ce a yi mana irinsa, ya kamata mu san yadda ake lissafa shi, da hannun da yake faɗawa, da halin da ya bar ƙauyukan da aka ce dominsu aka yi shi.

Kowane manomi ya san asara iri biyu ce. Akwai ta gona: ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, ko ambaliya ta wanke shuka, ko tsutsa ta shiga masara. Akwai kuma ta kasuwa, wadda ta fi cin rai, domin ita tana zuwa ne a shekarar da Allah ya ba da albarka. Kowa ya samu, hatsi ya cika kasuwa, farashi ya karye, mutum ya sayar da abin da ya noma bai mayar da kuɗin taki ba. Gwamnatin Amurka ta daɗe tana kallon waɗannan biyun daban-daban, inshora ga asarar gona, tallafin farashi ga asarar kasuwa. Daga baya aka lura cewa abin da manomi yake biyan banki da shi shi ne kuɗin da kadada ɗaya ta kawo masa, wato yawan amfanin da aka girbe idan aka buga shi da farashi. Sai aka ce to, wannan kuɗin shiga shi za a kare.

An fara gwadawa a dokar noma ta 2008 da wani shiri da ake kira ACRE. Shi ya dubi jiha ce gaba ɗaya: sai kuɗin shigan jihar ya faɗi, na gonarka ma ya faɗi, sannan a biya ka. Kafin ka shiga kuma sai ka haƙura da kashi 20 cikin 100 na wani tallafin da ake ba ka kai tsaye kowace shekara. Manoma kaɗan ne suka amsa. Lissafin ya yi musu wuyar ganewa, kuma jiha ta yi faɗi da yawa. Fari yana iya cinye yammacin jiha alhali gabas tana cikin ruwa. Shi wancan tallafin na kai tsaye, kusan dala biliyan 5 a shekara, ana biyan sa ne ko farashi ya hau ko ya sauka. Da fari ya afka wa Amurka a 2012, masara ta haura dala 8 a kan ma'auninsu da suke kira bushal, aka wayi gari gwamnati tana ƙara wa mutane kuɗi a shekarun da suka fi kowane lokaci samu. Ba wanda ya iya kare wannan a majalisa. Dokar 2014 ta soke shi, ta soke ACRE, ta kawo shirye-shirye biyu manomi ya zaɓi ɗaya: PLC mai duba farashi kawai, da ARC mai duba kuɗin shiga. A wannan karon ma'aunin da aka fi ɗauka ya sauko daga jiha zuwa gunduma.

Ga yadda ake lissafin, kuma a yi haƙuri da ni, sai mun ɗan taɓa alƙaluma. Za a ɗauki amfanin da kadada ɗaya ta bayar a gundumar na shekara biyar da suka wuce, a ajiye shekarar da ta fi kyau da wadda ta fi muni a gefe, a fitar da matsakaicin ukun da suka rage. Haka za a yi wa farashin ƙasa baki ɗaya. A buga wannan da wancan, a sami abin da ake ganin kadada ta saba kawowa. Dokar 2014 ta ce gwamnati ta lamunce kashi 86 cikin 100 na wannan adadi. In abin da aka samu bana ya gaza haka, za a cike giɓin, amma cikon ba zai wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Mu ɗauka, don misali kawai, a wata gunduma kadadar masara ta saba kawo dala 700. Abin da aka lamunce shi ne dala 602. Bana kadada ta kawo 560. Giɓi ya zama dala 42. In da a ce ta faɗi har 400, dala 70 ce iyakar abin da za a bayar, sauran sai inshora. Sannan ba a kan dukkan gonar ake biya ba, a kan kashi 85 cikin 100 ne na kadadar da ke cikin rajista. Mai kadada 100 zai tashi da dala 3,570. Mai kadada 1,000 zai tashi da dala 35,700. Ka riƙe waɗannan biyun, za mu dawo kansu.

A 2014 farashin masarar da aka gina lissafin a kansa dala 5.29 ne, saboda shekarun tsadar nan sun shiga ciki, alhali abin da kasuwa ta bayar a shekarar dala 3.70 ne. Bushal huɗu na masara su ne kusan buhunmu mai kilo 100, ka ga buhun da aka saba sayarwa kusan dala 21 ya dawo bai kai 15 ba. Manoma sun iya lissafi, don haka fiye da kashi 90 cikin 100 na gonakin masara da na waken suya suka shiga ARC na gunduma. Masu shinkafa da gyaɗa kusan dukkansu suka tafi PLC.

To me ya hana mutanen LaMoure da Logan? Takarda ce. Hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar noma tana aika wa manoma takardar tambaya a ƙarshen kaka: kadada nawa ka shuka, nawa ka girbe, me ka samu. Cikewa ba dole ba ne. Takardar tana isowa daidai lokacin da mutum yake wuni a cikin injin girbi, wani lokaci har tsakar dare da fitila, yana tsere da dusar ƙanƙara kada ta rufe masa masara a gona. Ya dawo gida a gajiye, ya tarar da ambulan a kan tebur tare da takardar kuɗin wuta da ta dillalin iri, ya ture ta gefe. Shekara da shekaru haka ake yi ba abin da ya faru. Ita kuwa hukumar a lokacin tana da ƙa'ida: ba ta fitar da adadin gunduma sai manoma 30 sun amsa, ko kuma waɗanda suka amsa su kasance suna da rubu'in gonakin da aka girbe. A waɗannan gundumomi biyu amsoshin ba su kai ba. Sai aka koma ga alƙaluman hukumar inshorar amfanin gona, su kuma suka nuna amfanin da ya fi yawa. A takarda sai gundumomin suka zama ba su yi asarar da ta kai a biya ba.

Manoman sun yi kuka, sanatocin jihar biyu na lokacin, John Hoeven da Heidi Heitkamp, suka ɗauki maganar zuwa Washinton. Dokar noma ta 2018 ta ce daga yanzu alƙaluman inshora su ne a gaba a ko'ina, don a riƙa auna kowa da mudu ɗaya, kuma a biya mutum bisa gundumar da gonarsa take a zahiri. Wannan gyara ne mai kyau. Amma bai taɓa ainihin abin ba, domin shirin gunduma yake gani, ba ya ganin gona. Ƙanƙara tana iya sauka ta tarwatsa gonarka kai kaɗai, gunduma ta yi albarka, ka tashi a tutar babu. Kana iya samun girbin da ba ka taɓa samu ba, gunduma ta gaza, a turo maka kuɗi. Kuma kuɗin ba sa zuwa sai bayan 1 ga Oktoba na shekarar da ke biye, wato shekara guda cur bayan girbi. Mai ƙarfi zai iya jira. Wanda banki ke tsaye a kansa tun Janairu, kafin kuɗin su zo wataƙila ya riga ya sa wani abu a kasuwa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ni ina tare da tushen abin. Al'ummar da ke cin abinci sau uku ba ta da hujjar barin manomi ya ɗauki kasadar sama da ta kasuwa shi kaɗai. Amurkawa sun koyi wannan ne da wuya. A farkon shekarun 1930 farashi ya lalace har wasu manoma suna ƙona masara a murhu don ta fi gawayi araha, bankuna suna ƙwace gonaki. A 1933 shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta fara biyan manoma, aka kafa hukumar da ke ba su rance a kan hatsi, a 1938 aka kafa ta inshorar amfanin gona. Tun daga nan ba a taɓa janye hannu gaba ɗaya ba. A 1996 majalisa ta yi yunƙurin yaye manoma a hankali, farashi ya faɗi a 1998, aka dawo da kuɗin gaggawa. Don haka duk wanda ya ce maka noman Amurka kasuwa ce kaɗai ke tafiyar da shi, bai faɗi daidai ba.

Inda nake da ja shi ne wa ake biya. Mu koma ga mutanen nan biyu. Mai kadada 1,000 ya karɓi ninki goma na abin da mai kadada 100 ya karɓa, don kawai gonarsa ta fi faɗi. Ba a tambayi wanda ya fi buƙata ba. Wanda kuwa ya fi faɗin gona shi ne taki ke zuwa masa da rangwame, shi ne banki ke yi wa maraba, shi ne yake da rumbun ƙarfe da zai ajiye hatsi har farashi ya ɗaga. Wata ƙungiya mai zaman kanta, EWG, ta bi dokar 'yancin samun bayanai ta karɓo takardun biyan tun daga 1995, ta fara baje su ga jama'a a 2001. Lissafinta ya nuna kashi 10 cikin 100 na masu karɓa, waɗanda ke sama, su suka kwashe fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin tallafin amfanin gona. Yawancin manoman ƙasar ma ba sa cikin irin wannan shiri, don an keɓe shi ga wasu amfanin: masara, waken suya, alkama, auduga, shinkafa, gyaɗa, dawa, sha'ir da 'yan wasu. Mai tumatir da albasa da kayan lambu ba ya ciki.

Akwai kuma maganar rajista. Kadadar da ake biya a kanta ta tarihi ce, abin da aka shuka a gonar shekarun baya, wasu tun shekarun 1980. Ba a duba abin da ka shuka bana. Gonar da ke rajistar masara za ta karɓi kuɗin masara ko da waken suya ne a cikinta. An yi haka da niyya, don kada tallafi ya sa kowa ya rungumi amfani ɗaya, kuma don a kauce wa ƙorafi a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Sai dai sakamakonsa shi ne haƙƙin karɓar kuɗi ya manne wa ƙasa. A 2006 jaridar Washington Post ta bankaɗo cewa a ƙarƙashin tsohon tallafin kai tsaye an biya dala biliyan 1.3 tun daga 2000 ga mutanen da ba sa noma ko kaɗan, ciki har da waɗanda suka sayi fili suka gina gida a tsofaffin gonakin shinkafa a Taksas. Shekara guda bayan haka ofishin binciken kuɗi na majalisa ya gano an biya dala biliyan 1.1 da sunan mamata tsakanin 1999 da 2005.

Za a ce ai akwai iyaka. Akwai. Dokar 2014 ta ce mutum ɗaya kada ya wuce dala 125,000 a shekara. Amma iyakar ta mutum ce, ba ta gona ba. In aka yi rajistar gona a matsayin haɗin gwiwa, kowane abokin tarayya yana da nasa kason, muddin an rubuta cewa yana cikin harkar noman. Shiga harkar kuwa ba sai ka hau tarakta ba. Ba da shawara kan tafiyar da gonar ma ana ƙirga shi, ko da daga birni kake yi ta waya. Sanata Chuck Grassley na jihar Ayowa, wanda shi kansa manomi ne, ya shafe shekaru yana yaƙi da wannan ƙofa. Lokacin da ake shirya dokar 2014 majalisun biyu duk sun amince a tsuke ta, amma da aka shiga kwamitin daidaita matsayar majalisun aka zare gyaran. Dokar 2018 ma ƙara buɗe ƙofar ta yi, ta shigar da 'ya'yan 'yan'uwa da 'ya'yan baffanni da na kawunnai cikin waɗanda za a iya ƙirgawa a gonar iyali. A watan Yulin 2025 wata sabuwar doka ta ɗaga iyakar zuwa dala 155,000, ta ɗaga lamunin daga kashi 86 zuwa 90, cikon kuma daga kashi 10 zuwa 12. Ita wannan dokar dai ita ce ta zaftare fiye da dala biliyan 180 cikin shekara goma daga tallafin abincin da ake ba talakawan ƙasar, bisa ƙiyasin ofishin kasafi na majalisar. Wannan a wurina rashin adalci ne tsagwaronsa.

Wurin da abin ya fi ciwo, kuma ba a cika faɗa ba, shi ne haya. Fiye da rabin gonakin da ake noma amfani a Amurka na haya ne, kuma mafi yawan waɗannan gonaki na mutanen da ba sa noma ne: tsofaffin da suka ajiye aiki, matan da mazajensu suka rasu, magadan da suka koma birni, da masu zuba jari. In haya ta kuɗi ce, a takarda manomin da ke aikin shi ke karɓar tallafi. Amma mai gona ya san nawa gwamnati ke biya a kan kowace kadada tasa, tunda ba a ɓoye yake ba. Ranar sabunta haya zai saka shi cikin lissafi, in ka ƙi ga maƙwabci mai manyan injuna yana jira ya ƙara a kan abin da kake biya. Masana tattalin arziki suna da saɓani kan yawan kason da ke zarcewa wurin mai ƙasa, amma ba su da saɓani cewa yana zarcewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Haka nan tallafin yake shiga farashin ƙasar kanta. A Ayowa kadadar gona ba ta kai dala 2,000 ba a shekarar 2000, a 2023 ta haura dala 11,000. Ba tallafi kaɗai ya jawo haka ba, dokar da ta tilasta gauraya man fetur da sinadarin da ake tatsa daga masara ta taka rawa babba, haka ma sauƙin kuɗin ruwa. Amma ƙasar da gwamnati ta tsaya wa dole ta fi tsada. Wanda ya gaji gona ya ji daɗi. Saurayin da ke son ya fara noma ba shi da gado, shi ƙofa ta rufe masa. Ƙidayar noma ta 2022 ta nuna matsakaicin shekarun manomin Amurka 58 ne.

Je ka LaMoure ka ga inda abin ya kai. A 1930 mutanen gundumar sun haura 11,000. A ƙidayar 2020 kaɗan suka ɗara 4,000. Jihar Dakota ta Arewa tana da gonaki fiye da 80,000 a tsakiyar shekarun 1930, yau kusan 25,000 suka rage, matsakaicin faɗinsu kimanin kadada 1,500. Mutanen jihar ba sa wasa da gonar iyali. Tun 1932 suke da dokar hana kamfanoni mallakar gona, kuma a 2016 da aka nemi sassauta ta, kusan kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe suka yi fatali da yunƙurin. Sun tare kamfani, amma dokar ba ta hana maƙwabci haɗiye maƙwabci ba. Na yarda inji ne babban dalilin raguwar mutane. Aikin da iyali goma suke yi a da, mutum biyu ne ke yin sa yanzu. Amma kuɗin gwamnati da ke ƙaruwa da faɗin gona shi ke ba babba abin da zai taya gonar ƙarami ranar da aka sa ta a gwanjo. Duk iyalin da suka tashi, makaranta ta rasa ɗalibai, kantin gari ya rasa masu saye. Kuɗi suna shiga gundumar, mutane suna fita.

Baƙaƙen fatar Amurka sun ɗanɗana wannan tun farko. Tallafin 1933 mai ƙasa aka biya don ya rage noman auduga, da yawa suka karɓi kuɗin suka kori masu noman raba-daidai da ke zaune a gonakinsu. Kwamitocin gunduma da ke yanke hukunci kan rance da rajista kusan duk a hannun farare suke. A 1920 manoma baƙaƙe sun haura 900,000, kimanin kashi 14 cikin 100 na manoman ƙasar. Yau ba su kai kashi 2 ba. Sai a 1999 gwamnati ta amince ta biya diyya a shari'ar da aka sani da sunan Pigford.

Kuma in abin ya yi tsanani, ba a tsayawa kan lissafin doka. A 2018 gwamnatin Donald Trump ta ɗora haraji a kan kayan Sin, ita ma Sin ta rama da harajin kashi 25 cikin 100 a kan waken suyan Amurka. Dakota ta Arewa ta sha wuya ƙwarai, don yawancin wakenta ta jirgin ƙasa yake bi zuwa tashoshin ruwan yamma ya wuce Sin. Gwamnati ta buɗe baitulmali ta biya manoman ƙasar kusan dala biliyan 23 cikin shekara biyu. A 2020, da annobar korona ta haɗu da wannan, kuɗin da aka ba manoma kai tsaye sun haura dala biliyan 45 a shekara ɗaya. In ka tambayi yadda 'yan tsirarun mutane suke da wannan ƙarfi, amsar tana majalisar dattawa: Dakota ta Arewa da mutanenta ba su kai 800,000 ba tana da sanata biyu, daidai da Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 39.

Wannan kuɗi ba ya tsayawa a iyakar Amurka. Ƙungiyar Oxfam ta lissafa cewa a kakar 2001 zuwa 2002 manoman audugar Amurka kimanin 25,000 sun karɓi dala biliyan 3.9, a daidai lokacin da farashin auduga ya durƙushe a duniya. A 2003 ƙasashen Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi suka kai kukansu taron ciniki na Kankun. Brazil ita ƙara ta shigar a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta yi nasara. Maimakon Amurka ta janye tallafin nan take, daga 2010 ta riƙa biyan Brazil kusan dala miliyan 147 a shekara, a 2014 ta ba da miliyan 300 aka rufe maganar. Manomin auduga na Cadi ba ya cikin wannan sulhu. Mu kuma a Najeriya a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Hukumomin nan sun daɗe suna danne wa manomi farashi, ba na yi musu kuka. Amma da aka rushe su ba a kafa wani abin da zai tare manomi ranar da kasuwa ta karye ba, alhali ƙasashen da ke ba da shawarar suna nan riƙe da nasu.

Duk da haka akwai abu ɗaya a can da nake so mai sauraro ya tafi da shi. Duk abin da na faɗa yau na iya faɗarsa ne saboda a rubuce yake kuma a buɗe. Mutum yana iya neman sunan gundumarsa ya ga jerin waɗanda aka biya, da shirin da aka biya su a ƙarƙashinsa, da adadin kuɗin, shekara bayan shekara. Da wannan ne 'yan jarida suka gano gidajen da aka gina a gonakin shinkafa, da shi ne Grassley yake tsayawa a majalisa yana ƙalubalantar 'yan jam'iyyarsa. Buɗewar ba ta gyara komai da kanta ba, amma ba don ita ba da ba wanda zai san akwai abin gyara. A nan gida, tsohon ministan noma Akinwumi Adesina ya sha faɗa cewa kafin 2012 kashi 11 cikin 100 ne kawai na manoma ke samun takin da gwamnati ta yi wa rangwame. Sauran ina ya tafi, wa ya karɓa, ba jerin da talaka zai duba.

Don haka kirana ga 'yan majalisunmu da kwamishinonin noma shi ne, in za ku kare kuɗin shigan manomi, ku kare, lokaci ya yi. Amma ku biya wanda ya yi noman, ko gonar aro ce ko ta haya ko ta jingina. Ku sa iyaka a kan kowace gona, ba a kan kowane suna ba. Ku biya kafin damina ta gaba ta faɗi. Ku kuma manoma da shugabannin ƙungiyoyinku, duk ranar da aka ce an kawo tallafi ƙaramar hukumarku, taki ne, iri ne, ko kuɗi, ku nemi a liƙa sunayen waɗanda suka karɓa da abin da kowa ya karɓa a ƙofar sakatariya da ƙofar gidan mai gari. Kuɗin jama'a ne, kuna da haƙƙin ganin jerin.